Korar Ma'aikaci Saboda Ƙungiya: Doka Ta Hana, Amma Wa Zai Iya Jiran Kotu?

A shekarun da na yi ina nazarin dangantakar ma'aikata da masu ɗaukar su aiki, ban taɓa cin karo da takardar sallama wadda aka rubuta ƙarara a cikinta cewa an kori mutum ne saboda ya shiga ƙungiyar ƙwadago ko ya jagorance ta ba. Abin da ake rubutawa shi ne an daina buƙatar aikinsa, ko ana rage ma'aikata, ko ya yi fashin zuwa aiki, ko ya ƙi bin umarnin na gaba da shi. Kowa a ma'aikatar ya san ainihin dalilin, har masinjan da ya kai takardar, amma alƙali da abin da ke rubuce yake aiki. Dokar Nijeriya ta haramta korar ma'aikaci saboda ƙungiya, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ta bar wa wanda aka kora kaya biyu masu nauyi. Shi zai tabbatar wa kotu abin da ke cikin zuciyar wanda ya kore shi, kuma shi zai zauna jiran hukunci ba tare da albashi ba. Muddin ba a sauke masa waɗannan kaya ba, 'yancin shiga ƙungiya zai ci gaba da zama na wanda ke da ƙarfin jira kawai.

Babu garin da ya fi dacewa a yi wannan magana a cikinsa kamar Kaduna, domin da gumin ma'aikata aka gina shi. Layin dogo da ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa ne suka fara tara jama'a, sannan masaƙu suka biyo baya tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. A nan hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take, kuma daga masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, a 1999. Da masaƙun suka durƙushe, sai gwamnati ta zama babbar mai ɗaukar ma'aikata, rigimar ƙwadago kuma ta ƙetaro gada zuwa arewacin kogi, inda Gidan Sir Kashim Ibrahim da zauren Lugard da sakatariyar jiha suke. Rigimar da a da ake yi da manajan kamfani, yanzu da hukuma ake yin ta, kuma hukuma tana da lauyoyi da 'yan sanda da kafafen watsa labarai, tana kuma da lokaci.

Abubuwa uku da idonmu ya gani

A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta kuma bayyana cewa 21,780 daga cikinsu sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, saboda haka za a sallame su a ɗauki wasu. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma a watan Disamba na wannan shekara kotun ta ba da umarnin a dakata har sai ta saurari ƙarar. Ƙungiyar ta yi kukan cewa an ci gaba da raba takardun sallama duk da wannan umarni, ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, daga bisani ta janye. Sallamar kuwa ta tabbata.

Na biyu shi ne na watan Mayun 2021. Bayan sallamar dubban ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi, wadda gwamnati ta ce ta zama dole saboda albashi na lamushe mafi yawan kuɗin da jihar ke samu daga asusun tarayya, NLC a ƙarƙashin Kwamared Ayuba Wabba ta kira yajin aikin gargaɗi na kwana biyar daga ranar 17 ga wata. Duk wanda ke garin nan a lokacin yana tuna yadda aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna da asibitoci suka rufe. Gwamna ya bayyana Wabba a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo bisa zargin yi wa tattalin arziki zagon ƙasa. Gwamnati ta sanar da korar ma'aikatan jinya da ke ƙasa da mataki na 14 waɗanda suka shiga yajin, ta kuma ce duk malamin Jami'ar Jihar Kaduna da bai je aiki ba ya ɗauka an sallame shi. 'Yan daba suka far wa masu zanga-zanga a shataletalen NEPA. A rana ta uku aka dakatar da yajin bayan Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya kira ɓangarorin biyu Abuja, amma ba a jima ba ƙungiyar ta soma kukan cewa ba a mutunta abin da aka cim ma a can ba.

Na uku ya fi kusa da zuciyar maganarmu. A watan Yunin 2022 hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar ta sallami malamai 2,357. Mafi yawansu ba faɗuwa jarrabawa suka yi ba, ƙin zama suka yi, domin ƙungiyarsu ta umarce su da kada su zauna. A cikin waɗanda aka sallama har da shugaban NUT na ƙasa baki ɗaya, Kwamared Audu Amba. Tambayar da ke gaban duk mai adalci ita ce: mutumin da ya bi umarnin ƙungiyarsa ya ƙi zama jarrabawa, an kore shi ne saboda rashin biyayya ga hukuma, ko saboda aikin ƙungiya? Gwamnati za ta ce na farko, ƙungiya za ta ce na biyu, kuma kowannensu yana da abin kafa hujja. Irin wannan ce ainihin shari'ar da kotunan ma'aikata ke fama da ita a ko'ina a duniya.

Ba ina cewa duk wanda aka sallama a waɗannan lokuta an zalunce shi ba ne. Ɗan talakan da ke zaune a aji a Rigasa ko Unguwar Shanu yana da haƙƙin samun malamin da ya san abin da yake koyarwa, kuma majinyacin da aka bari a kan gado ranar yajin aiki shi ma ɗan ƙasa ne. Abin da nake cewa shi ne, idan aka yi irin wannan jayayya, akwai wurin da tsarin mulki ya ware domin a raba gardama, kuma bai kamata a riƙa zartar da hukunci tun kafin alƙali ya buɗe baki ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta domin kare muradunsa. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta faɗi a sashe na 9(6) cewa ba a yarda a sanya shiga ko ƙin shiga ƙungiya ya zama sharaɗin ɗaukar aiki ba, kuma ba a yarda a kori ma'aikaci ko a cutar da shi saboda yana cikin ƙungiya, ko saboda aikin ƙungiyar da ya yi bayan lokacin aiki, ko a lokacin aiki da izinin mai wurin ba. Sashe na 20 na dokar ya ce idan za a rage ma'aikata, dole a sanar da ƙungiyarsu dalili da adadi, a bi ƙa'idar fara sallamar wanda ya zo daga baya tare da la'akari da ƙwarewa, a kuma tattauna kuɗin sallama. Ban da wannan, tun a watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 da mai lamba 98, waɗanda suka shafi 'yancin ƙungiya da kare ma'aikaci daga tsangwama saboda ita.

Babban sauyi ya zo ne da gyaran tsarin mulki na uku na 2010. Kafin nan, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana ta fama da jayayya kan matsayinta, kuma manyan kotuna na bin tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila, ta ubangida da bara. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, kamar yadda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau ko maras kyau ko ma babu dalili, muddin ya ba shi sanarwa ko ya biya kuɗin wa'adin sanarwar. Kotu ba za ta tilasta wa ubangida baran da ba ya so ba. Sashe na 254C da gyaran ya kawo ya ba Kotun Ma'aikata ita kaɗai hurumin sauraron rigingimun aiki, ya ba ta damar hukunta rashin adalci a harkar ƙwadago, da yin aiki da yarjejeniyoyin duniya da Nijeriya ta amince da su. Tun daga nan kotun ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba tare da bayyana dalili ba ta saɓa wa abin da duniya ta yarda da shi, kuma ta daɗe da ɗaukar kora saboda ƙungiya a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da za ta iya ba da umarnin mayar da mutum bakin aikinsa, ko da a kamfani mai zaman kansa ne.

Wanda ya karanta wannan zai ɗauka ma'aikacin Nijeriya ya gama samun mafaka. Amma akwai ɓaraka, kuma ta nan ruwa ke shiga.

Ɓarakar farko tana cikin ma'anar kalmar ma'aikaci. Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin gudanarwa da na zartarwa da na fasaha da ƙwararru daga cikin waɗanda take karewa. Ke nan lauyan gwamnati na iya tashi ya ce malamin jami'a ko ma'aikaciyar jinya ba su cikin waɗanda sashe na 9(6) ya ambata, sai su koma ga tsarin mulki da dokokin aikin gwamnati. Ta biyu ita ce batun yajin aiki. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005, zamanin Obasanjo, ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da ƙuri'ar mambobi kafin yaji, ya kuma hana yaji ga masu ayyukan da ake kira na dole. Jerin waɗannan ayyuka kuwa yana da faɗi ƙwarai: wuta da ruwa da lafiya da tashoshin jiragen ruwa da na sama duk suna ciki. Da zarar an kira yaji haramtacce, sai wanda ya shiga ya tashi daga ɗan ƙungiya ya koma mai fashin aiki, sannan ga ƙa'idar ba aiki ba albashi ta sashe na 43 na Dokar Rigingimun Ƙwadago tana jiransa.

Ta uku ita ce hujja. A al'adar kotunanmu wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Fayil ɗin ma'aikaci yana hannun wanda ya kore shi, haka rajistar zuwa aiki da bayanan zaman da aka yanke shawarar korar. Abokan aikin da suka ji abin da shugaba ya faɗa a ofis ba za su zo kotu ba, domin su ma suna da iyali. Wannan ya fi tsanani a wuraren da ba su fitowa a jarida, kamar makarantu masu zaman kansu da gidajen mai da kamfanonin tsaro da bankuna da ke jere a titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon, inda ake ɗaukar matasa ta hannun 'yan kwangila. Doka ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku, amma da yawa sukan shekara biyar ba su gan ta ba. Irin wannan matashi idan ya fara tara sunaye domin kafa reshen ƙungiya, ba a ma buƙatar rubuta masa takarda. Sai kawai a ce kwangilarsa ta ƙare.

Darasin malamai 49

Ɓaraka ta huɗu, wadda ta fi sauran ciwo, ita ce lokaci. Mu malaman jami'a muna da misalin da ba mu mantawa. A 2001 Jami'ar Ilori ta sallami malamai 49 a kan batun yajin aikin ƙungiyar ASUU. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2006, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a mayar da su bakin aiki a biya su haƙƙoƙinsu, biyar a watan Yuni, sauran 44 a watan Disamba. Shekara takwas ke nan, kuma wasu daga cikinsu sun rasu kafin ranar. Waɗannan farfesoshi ne da daktoci, da ƙungiya mai ƙarfi a bayansu da manyan lauyoyi a gabansu. Idan su sun yi shekara takwas, me ake zaton zai sami malamar firamare a Kawo mai 'ya'ya biyar da kuɗin haya a kanta?

Mai korar ya san wannan lissafi sarai. Bai damu ƙwarai da ya yi nasara a kotu ba. Abin da yake so shi ne sauran ma'aikata su ga kujerar shugaban ƙungiyarsu babu kowa a kai ranar Litinin, kuma wannan yakan samu nan take. Ko da kotu ta mayar da mutumin bayan shekaru, reshen ƙungiyar ya riga ya mutu, gwamnan da ya ba da umarni ya sauka, kuɗin diyya kuma daga baitulmali za a biya, wato daga aljihun talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar bankin Skye da Iwu a 2017, wanda ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata a kan duk shari'o'in da ba na laifi ba, mai kuɗi ya ƙara samun hanyar jan lokaci.

Yadda wasu suka toshe ɓarakar

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A Afirka ta Kudu, dokar ƙwadago ta 1995 ta ware kora saboda ƙungiya ko saboda shiga halastaccen yaji a matsayin zalunci kai tsaye, diyyarta na iya kai albashin wata 24, kuma da zarar ma'aikaci ya nuna an kore shi, mai korar ne zai tabbatar da cewa ya yi adalci. Dokar aiki ta Kenya ta 2007 ita ma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tabbatar da dalilin sallama. A Birtaniya, wanda ya ce an kore shi saboda ƙungiya na iya neman agajin wucin gadi cikin kwana bakwai, kuma idan alƙali ya ga alamun zai yi nasara, sai ya ba da umarnin a ci gaba da biyansa albashi har a gama shari'a. Ko a Amurka, wadda ba a san ta da tausayin ƙungiyoyi ba, ƙa'idar da hukumar ƙwadagonsu ke bi tun 1980 ita ce, idan aka nuna cewa aikin ƙungiya na cikin abin da ya jawo korar, sai kamfani ya tabbatar da cewa ko babu ƙungiya zai kori mutumin.

Daga nan nake ganin abubuwa huɗu sun wajaba a kanmu. Na farko, Majalisar Tarayya, wadda ita kaɗai ke da hurumin yin dokar ƙwadago, ta rubuta a doka cewa duk lokacin da aka kori jami'in ƙungiya, ko aka kori ma'aikaci ana tsakiyar rigima, mai korar ne zai kawo hujja. Na biyu, a ba Kotun Ma'aikata iko bayyananne na umartar a ci gaba da biyan albashi yayin shari'a, a kuma ƙayyade wa irin waɗannan ƙararraki wa'adi. Mun yi wa ƙararrakin zaɓe wa'adin kwana 180 a tsarin mulki saboda kujerar ɗan siyasa na da muhimmanci. Tukunyar ma'aikaci ba ta gaza ta ba. Na uku, a faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ta haɗa kowa, a kuma taƙaita jerin ayyukan dole zuwa waɗanda tsayawarsu ke barazana ga rai da lafiya, tare da samar musu hanyar sasanci mai sauri a madadin yaji. Na huɗu, jami'in da ya take umarnin kotu ya amsa da kansa, da sunansa, ba ofishinsa ba. Gwamnatin da ta zaɓi umarnin da za ta bi ta koya wa mai gidan mai da mai makaranta cewa su ma suna iya zaɓa.

Su ma ƙungiyoyi akwai nasu

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙungiyoyinmu sun fi ƙwarewa a gangami fiye da shari'a. Ana cire kuɗin ƙungiya daga albashin mamba kowane wata, amma ƙungiyoyi nawa ne ke da asusun da zai riƙe iyalin wanda aka kora na wata shida? Nawa ne ke koya wa wakilansu na reshe su adana kowace takardar tuhuma, su rubuta ranar da aka yi musu barazana da wanda ke wurin, su sanar da hukumar wurin aiki a rubuce cewa an zaɓe su? Da irin waɗannan ƙananan takardu ake cin shari'a. Haka kuma shugaban da ya kira yaji ba tare da cika sharuɗɗan doka ba, ya miƙa wa abokin gaba wuƙar da zai yanka mambobinsa. Kuma ƙungiyar da ta tsaya kare malamin da kowa ya san ba ya shiga aji, ta zubar da mutuncin da za ta buƙata ranar da aka taɓa mai gaskiya. Malam Aminu Kano da abokansa da suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 sun nemi haƙƙin malami ne tare da ɗaga darajar koyarwa, ba su raba biyun ba.

Ga gwamnatin Sanata Uba Sani, wadda ta gaji waɗannan rigingimu tun 2023, shawarata ita ce ta sake duba fayil ɗin duk wanda aka sallama a lokacin da ake tsakiyar jayayya da ƙungiya, ɗaya bayan ɗaya, ta hannun kwamitin da ya haɗa da wakilan ƙwadago da alƙali mai ritaya. Wanda aka samu da rashin cancanta a gaya masa dalili a rubuce, a biya shi giratuti da fanshonsa a kan lokaci. Wanda kuwa laifinsa bai wuce bin umarnin ƙungiyarsa ba, a mayar da shi. Wannan ya fi wa jihar araha a kan shari'ar shekara goma da diyyar da za ta biyo baya.

Mai karatu da ba ya cikin kowace ƙungiya na iya ganin maganar ba ta shafe shi ba. Ya tuna cewa hutun ƙarshen mako da hutun haihuwa da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai naira 70,000 a 2024, duk sai da wasu suka sa aikinsu a kan faifai kafin a same su. A Inugu ma, ranar 18 ga Nuwamban 1949, masu haƙar kwal 21 ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a kan neman haƙƙi. Ɗaliban da muke yayewa kowace shekara za su fita su sami wuraren aiki yadda muka bar musu su. Idan muka bar musu wuraren da buɗe baki ke jawo takardar sallama, kotu kuma sai bayan shekara takwas, to za su koyi yin shiru, kuma wanda ya saba shiru a kan albashinsa, da wuya ya yi magana ranar da ya ga ana sace kuɗin magani ko ana sayar da sakamakon jarrabawa.